Haɗarin Jabun Kayan Gyara Ga Injunan Haidurolik: Abin Da Ya Kamata Masu Injuna Su Sani

MINNA: Unguwar Ƙetaren Gwari da ke cikin birnin Minna, hedkwatar Jihar Neja, ta daɗe da yin suna wajen garejojin kanikawa da shagunan sayar da kayan gyaran motoci da injuna. Baya ga ƙananan motoci da na haya, akwai wani rukunin injuna da masu su kan nemi kayan gyaransu a wannan wuri da makamantansa a Suleja da Bida da Kontagora, watau tifofi masu ɗaukar yashi da tsakuwa, da taraktocin noma, da katafiloli da giredojin 'yan kwangila, da injunan haƙa rijiyar burtsatse, da na buga bulo. Abu guda ne ya haɗa waɗannan injuna duka, shi ne ƙarfinsu na ɗagawa da turawa da haƙa yana fitowa ne daga man da aka matse cikin bututu, tsarin da kanikawa ke kira haidurolik.

Yawan irin waɗannan injuna yana ƙaruwa a jihar, wadda ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa. A watan Maris na 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya je Minna ya ƙaddamar da taraktoci da sauran injunan noma da gwamnatin Gwamna Mohammed Umaru Bago ta samar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan injuna, da na 'yan kwangila masu aikin hanya, da na masu haƙar ma'adinai, zai buƙaci tiyo da filta da sil da mai a tsawon rayuwarsa. Wannan buƙata kuwa ta zo daidai da lokacin da kayan waje suka yi tsada ƙwarai, domin dalar Amurka da ake canzarwa a kan kimanin N460 a farashin hukuma kafin watan Yuni na 2023, ta haura N1,500 a watan Fabrairu na 2024. Duk inda buƙata ta yi yawa, kayan asali kuma suka fi ƙarfin aljihu, to, kasuwar masu jabu ta buɗe.

Yadda injin ke samun ƙarfinsa

Kafin a gane girman haɗarin, wajibi ne a san yadda injin ke aiki. Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Blaise Pascal ya bayyana tun a ƙarni na 17 cewa idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yakan watsu daidai wa daida zuwa kowane ɓangare na mazubin. A shekarar 1795 wani maƙeri ɗan Ingila, Joseph Bramah, ya yi rajistar injin matsa kaya na farko da aka gina bisa wannan ƙa'ida. Har yau ita ce ake bi: famfo yana zuƙo mai daga tanki ya tura shi ta cikin tiyo, bawuloli su karkatar da shi zuwa inda direba ke so, sa'an nan man ya shiga silinda ya tura fistin, fistin kuma ya ɗaga bodin tifa, ko garmar tarakta, ko hannun eskabeta.

Ana auna matsin da ma'aunin da ake kira bar. Bar ɗaya ya yi kusan daidai da nauyin kilo ɗaya a kan fili mai tsawon santimita ɗaya da faɗin santimita ɗaya, watau kamar girman farcen ƙaramin yatsa. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar biyu da rabi ba. Tarakta kuwa tana aiki da kimanin bar 200, eskabeta kuma da bar 300 zuwa 350. Alal misali, silinda mai faɗin santimita 10, idan aka tura mata mai a kan bar 200, za ta iya ɗaga kimanin tan 16. Wannan ƙarfi duka yana bi ne ta cikin tiyon da bai fi kaurin rake ba, kuma zoben roba ne ke hana shi tserewa.

Daga nan za a fahimci abubuwa biyu. Na farko, kowane ƙaramin kaya da ke kan layin matsi yana ɗauke da matsin da babba ke ɗauke da shi, don haka babu kayan da za a raina. Na biyu, mai ɗaya ne ke kewaya injin baki ɗaya, saboda haka duk dattin da ya fito daga wuri ɗaya zai kai ko'ina. Wannan shi ya sa jabun kaya a injin haidurolik ya fi jabun fitila ko madubin mota illa nesa ba kusa ba.

Mene ne jabu?

Kayan gyaran da ke kasuwa kashi huɗu ne, kuma rashin bambanta su yana daga cikin abin da ke jefa mai saye cikin ruɗu. Kashi na farko su ne na asali, waɗanda kamfanin da ya ƙera injin, kamar Caterpillar ko Komatsu ko Massey Ferguson ko John Deere, ke sayarwa ta hannun wakilansa. A Nijeriya, alal misali, kamfanin Mantrac ne wakilin Caterpillar. Kashi na biyu su ne waɗanda wasu kamfanoni ke ƙerawa su sayar da sunansu na kansu, kamar tiyon Parker da na Gates, ko famfon Bosch Rexroth da na Kawasaki. A cikin wannan kashi akwai masu inganci ƙwarai, har ma su ne kamfanonin injuna ke saye su ɗaura a sababbin injunansu, akwai kuma masu rangwamen inganci da farashi. Kashi na uku su ne na hannu, waɗanda aka kwance daga tsofaffin injuna, da aka fi sani da 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano.

Kashi na huɗu shi ne jabu, watau kayan da aka buga wa suna da tambari da lambar wani kamfani alhali ba shi ya yi su ba, ko aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, ko kuma tsohon famfo da aka wanke aka yi wa fenti aka manna wa sabuwar lamba aka sayar a matsayin sabo. Wanda ya sayi kayan hannu ko mai rahusa da saninsa, ya san abin da ya saya, zai kuma yi aiki da shi gwargwadon ƙarfinsa. Masu iya magana sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aka sayar wa jabu kuwa an raba shi da wannan sani. A harkar haidurolik, abin da mutum ke biyan kuɗi dominsa shi ne lambar da ke rubuce a jikin kayan, wadda ke faɗin matsin da tiyo zai jure, ko ƙanƙantar dattin da filta za ta tare, ko zafin da sil zai ɗauka. Ido ba ya iya tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai yin jabu lambar yake sata, ya bar mai injin yana aiki da tabbacin da babu shi.

Inda jabu ya fi ɓarna

Tiyo shi ne kan gaba. Tiyon haidurolik hawa uku ne: robar ciki mai jure mai, da saƙar wayar ƙarfe a tsakiya, da robar waje mai kare shi daga rana da gogayya. Rubutun da ke jikinsa yana faɗin irinsa. Lambar SAE 100R1 tana nufin saƙar waya ɗaya, 100R2 saƙa biyu, 4SP da 4SH kuma naɗin waya huɗu ne, irin wanda manyan layukan eskabeta ke buƙata. Ƙa'idar ƙera waɗannan ita ce kada tiyo ya fashe sai matsi ya ninka abin da aka rubuta masa sau huɗu, domin idan bokitin eskabeta ya ci karo da dutse, matsin kan yi tsalle farat ɗaya ya zarce na yau da kullum. Mai jabu yakan rage kaurin waya ko yawanta, ya yi amfani da robar da ba ta jure mai. Irin wannan tiyo zai yi aiki lafiya ranar da aka ɗaura shi, domin rarar ƙarfin da aka tanada don ranar tsanani ita ce aka cire. Bugu da ƙari, robar cikinsa takan riƙa ɓarewa tana bin mai zuwa cikin bawuloli. Haka nan bakin ƙarfen da ake matsewa a ƙarshen tiyo, idan awonsa bai dace da na tiyon ba, yakan fizge a tsakiyar aiki.

Sai kuma filta, wadda ita ce ta fi yin ɓarna a ɓoye. Ratar da ke tsakanin ƙarafan da ke motsi a cikin famfo da bawul ana auna ta da maikuron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma a wasu wurare ba ta kai maikuron 10 ba. Kaurin gashin kan mutum kimanin maikuron 70 ne, ido kuma ba ya ganin abin da ya gaza kimanin maikuron 40. Ke nan ƙurar da ke cinye famfo ba a ganinta ko kaɗan, kuma mai yana iya zama garau a ido alhali cike yake da ita. Kamfanonin da ke ƙera famfo sun daɗe suna bayyana cewa dattin mai shi ne sanadin akasarin lalacewar injunan haidurolik. A ƙasa irin tamu mai ƙurar hunturu da jar ƙasar wuraren aikin hanya, aikin filta ya ninka. Jabuwar filta daga waje ba ta da maraba da ta asali, amma idan aka yanka ta za a tarar takardar ciki kaɗan ce, ramukanta manya, gam ɗin da ya riƙe ta kuma ba ya jure zafi. Wata takan yage, mai ya riƙa wucewa ba tacewa, direba bai sani ba, har sai famfo ya fara kuka injin ya rasa ƙarfi.

Idan famfo ya ci kansa, garin ƙarfensa yakan bi mai ya shiga kowace silinda da kowane bawul da na'urar sanyaya mai. Wanda ya sauya famfo kawai bai wanke tsarin duka ba, sabon famfon ma ba zai daɗe ba. A nan ne masu injuna da yawa kan yi asara sau biyu, su ɗora wa bakanike laifi, alhali tushen matsalar filta ce da aka saya watanni da suka wuce.

Sil da zoben roba su ma suna da irinsu. Robar da ake kira NBR tana jure zafi har kimanin digiri 100, wadda ake kira Viton kuma har kimanin digiri 200, amma a ido duk roba ce. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Minna kan doshi digiri 40 a inuwa, man injin da ya wuni yana aiki yakan yi zafi ƙwarai, kuma da zarar ya wuce digiri 80 ko sil na gaskiya ya fara tsufa da wuri. Jabun sil yakan taurare ya tsage, ko ya kumbura ya yi laushi. Yoyon da ake gani a waje shi ne mai sauƙi. Mafi haɗari shi ne na cikin silinda, inda mai ke zarcewa ta gefen fistin, kayan da aka ɗaga ya riƙa sauka da kansa.

Shi kansa man ba a bar shi ba. Man haidurolik yana da lambobi kamar 32 da 46 da 68, waɗanda ke nuna kaurinsa a zafin digiri 40, kuma ana zuba masa sinadaran da ke hana ƙarfe cin ƙarfe da hana kumfa da tsatsa. Masu algus kan tace tsohon mai, ko su ɗura man da ba a sa wa waɗannan sinadarai ba a cikin jarkar sanannen kamfani su liƙe. Irin wannan mai yakan tsinke idan ya yi zafi, ya bar ƙarafa suna gogar juna.

Akwai kuma bawul ɗin tsaro, wanda aikinsa shi ne ya buɗe ya mayar da mai tanki idan matsi ya wuce iyaka. Idan sifirin ɗin cikinsa jabu ne, ko dai ya buɗe da wuri injin ya rasa ƙarfi mai ya yi zafi, ko ya ƙi buɗewa har sai wani abu ya fashe. Wata ɗabi'a da ke ƙara dagula al'amarin ita ce ta ɗaure wannan bawul domin a tilasta wa famfon da ya gaji ya ba da ƙarfi. Idan aka haɗa ɗaurarren bawul da jabun tiyo, to, an gama shirya haɗari, sai jiran rana.

Haɗari ga rayuka

Asarar ba ta tsaya ga dukiya ba. Man da ke fita ta ƙaramar huda a jikin tiyo yana iya huda fatar mutum ko da matsin bai wuce bar 7 ba, balle 200. Raunin yakan yi kama da sukar allura, mutum ya share ya ci gaba da aiki, alhali man ya riga ya shiga cikin nama yana kashe shi. Likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin raunin da ke buƙatar tiyata cikin 'yan sa'o'i, jinkiri kuwa yakan kai ga yanke yatsa ko hannu. Saboda haka ba a laluben yoyo da hannu, sai da guntun kwali. Duk wanda abin ya sama a garzaya da shi babban asibiti nan take, a kuma shaida wa likita cewa man inji ne ya shiga da matsi.

Haka kuma, idan tiyo ko sil ya saki yayin da bodin tifa ke sama, bodin yakan faɗo cikin ƙiftawar ido, kuma yaran gareji ne suka fi shiga ƙarƙashinsa. Bai kamata kowa ya shiga ƙarƙashin abin da mai kaɗai ke riƙe da shi ba sai an tokare shi da ƙarfe. Man da ya fesu a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta ya cinye injin ɗungurungum. A manyan taraktoci da injunan loda kaya kuwa, sitiyari ma da matsin mai yake aiki.

Cewa ƙaramin jabun kaya yana iya hallaka jama'a abu ne da ya taɓa faruwa har a inda ake tsananta bincike. A ranar 8 ga Satumba, 1989, wani jirgin saman kamfanin Partnair da ya tashi daga Oslo ta ƙasar Norway zuwa Hamburg ta Jamus ya faɗa teku kusa da gaɓar Denmark, mutum 55 da ke ciki suka rasu. Bincike ya gano cewa uku daga cikin kusoshi huɗu da ke riƙe da wutsiyar jirgin jabu ne, ba su kai ƙarfin da ake buƙata ba. Kusoshin da ke riƙe da famfo da silinda su ma suna da lambar ƙarfi a kansu, kamar 8.8 da 10.9 da 12.9, kuma buga wannan lamba a kan ƙarfe mai laushi ba ya yi wa mai jabu wuya.

Yadda aka kai ga wannan hali

A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, akasarin injuna da kayan gyaransu suna shigowa ne ta hannun manyan kamfanonin ciniki irin su UAC da SCOA da John Holt da Leventis, ga kuma masana'antun harhaɗa motoci da taraktoci kamar Steyr a Bauchi da NTM a Kano da ANAMMCO a Enugu. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Badamasi Babangida ta ɓullo da shi a 1986, da kasuwar musayar kuɗi ta SFEM da aka buɗe a watan Satumba na shekarar, sun karya darajar naira, har dala ta kai kimanin N22 a farashin hukuma a 1993. Masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, masu injuna suka koma ga kayan hannu da masu rahusa daga ƙasashen Asiya. Wannan ya taimaki jama'a injuna suka ci gaba da aiki, amma ya tsinke igiyar da ke haɗa mai ƙera kaya da mai amfani da su.

A yau kaya kan sauka a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Legas ko Onne a Jihar Ribas, su bi ta manyan kasuwanni kamar Ladipo da ASPAMDA a Legas ko Nkwo Nnewi a Jihar Anambra, sa'an nan su iso Zuba ko Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kafin su kai shago a Minna. Kayan kirki da jabu duk hanya ɗaya suke bi, kuma kafin su iso sun sauya hannu sau da dama. Sau da yawa mai shagon da ya sayar da jabu shi ma yaudararsa aka yi.

Matsalar ta game duniya. Wani rahoto da ƙungiyar OECD da ofishin kare haƙƙin mallakar fasaha na Tarayyar Turai suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa cinikin jabun kaya tsakanin ƙasashe ya kai dala biliyan 464 a 2019, watau kashi 2.5 cikin 100 na cinikin duniya, kuma ƙasar Sin ce babbar mafitarsu. To, amma fa sunan ƙasa kaɗai ba hujja ba ne, domin a Sin ɗin ne kamfanoni irin su Sany da XCMG ke ƙera injunan da ake aiki da su a ko'ina, kuma manyan kamfanonin Turai da Amurka da Japan suna da masana'antu a can.

Lissafin riba da asara

Ɗan kasuwa da lissafi yake gane magana. A ƙaddara, don misali kawai, mutum yana ba da hayar eskabeta a kan N250,000 a rana. Filta ta asali N60,000 ce, ya sami mai kama da ita a N20,000, ya ga ya tsira da N40,000. Bayan wata uku famfo ya lalace, injin ya yi kwana 10 a tsaye ana neman wani daga Legas. Kuɗin hayar da ya rasa kaɗai N2,500,000 ne, watau fiye da ninki 60 na abin da ya rage. Ba a sa kuɗin famfon ba, wanda yana cikin kaya mafiya tsada a jikin injin, ba a sa ladan bakanike ba, ba a kuma sa mai ba, alhali eskabeta mai nauyin tan 20 tana ɗaukar fiye da lita 200, watau duro guda, kuma dole a zubar da shi duka.

Ga mai tarakta abin ya fi muni, domin kasuwarsa ta 'yan makonni ce. Idan na'urar ɗaga garma ta tsaya a farkon damina, lokacin da manoman shinkafa a fadamun Bida da Wushishi da masu masara da doya ke layin jiran huɗa, aikin shekara ne ya wuce. Manoman da suka ba da kafin alƙalami za su nemi kuɗinsu, bankin da ya ba da rance kuma ba ya jira. Ɗan kwangila shi ma yana fuskantar tarar jinkiri da zubewar mutunci wurin wanda ya ba shi aiki. Sabon injin da ke ƙarƙashin garanti kuwa, kamfani yana iya ƙin ɗaukar nauyin gyaransa idan ya gano jabun kaya ne suka jawo lalacewar. Gaskiyar masu iya magana, araha ba ta ado.

Abin da doka ta tanada

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin tsayar da ma'aunin inganci. A 2005 ta ɓullo da shirin SONCAP, wanda ya wajabta a tantance kayan da ake shigowa da su tun daga ƙasar da aka yi su, akwai kuma shirin MANCAP na kayan da ake ƙerawa a cikin gida. Dokar hukumar ta 2015 ta ba ta ikon kama kaya marasa inganci da gurfanar da masu su gaban kotu. Tun a 1992 dokar soja mai lamba 67 ta haramta yi wa kaya lakabin ƙarya da sauran nau'o'in algus a ciniki. Hukumar FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar Majalisar Kare Haƙƙin Masu Saye bayan an sa hannu a sabuwar doka a farkon 2019, tana karɓar ƙorafin wanda aka sayar wa kaya masu aibi. Sha'anin man injuna kuwa yana ƙarƙashin hukumar NMDPRA tun bayan dokar man fetur ta 2021.

Sai dai duk waɗannan hukumomi da shaida suke aiki. Mutumin da ya aiki yaro kasuwa ya sayo kaya ba rasit, ya kuma jefar da kayan bayan sun lalace, ba shi da abin da zai gabatar.

Matakan kariya

Na farko, mai injin ya riƙe littafin lambobin kayan injinsa, ya yi saye da lamba. Ɗaukar tsohon kaya a zagaya kasuwa ana neman mai kama da shi ita ce hanyar da jabu ya fi shigowa.

Na biyu, ya nemi rasit mai ɗauke da sunan shago da sunan kamfanin da ya yi kayan da lambarsu, a kuma rubuta ko na asali ne, ko na wani kamfani, ko na hannu. Mai shagon da ya amince da kayansa ba zai ƙi rubutawa ba.

Na uku, ya san farashin wakilin kamfani kafin ya shiga kasuwa. Kayan da ke ɗauke da sunan babban kamfani amma ana sayar da su a sulusin farashinsu, farashin ya riga ya ba da amsa. Idan kuɗi ba su kai na asali ba, gara a sayi na wani sanannen kamfani da ke sayarwa da sunansa. A lura kuma, tsada ba ta tabbatar da inganci, domin wasu masu jabu kan sa farashi kusa da na asali don kawar da zargi.

Na huɗu, a duba kayan da kyau: rubutun jikin tiyo ya kasance a sarari, da sunan kamfani da lambar ma'auni da matsi da lokacin da aka yi shi, a nemi a ga bakin da aka yanka a ƙirga saƙar waya, a auna nauyin sabuwar filta da na ta asali, a yanka tsohuwar da aka cire a ga abin da ke ciki. Kamfanonin boris irin su SKF sun fitar da manhajar waya da ake aika hoton kaya a tantance, amma kwali da tambari kaɗai ba abin dogaro ba ne, domin su ma ana kwaikwayonsu.

Na biyar, a sayi mai a rufe daga wakilin kamfani, a fasa jarkar bayan an juye don kada ta koma hannun masu algus. A daidaita bawul ɗin tsaro da geji bisa abin da littafin injin ya faɗa. A kuma buɗe wa kowane injin littafi, a riƙa rubuta ranar da aka sauya kowane kaya da shagon da aka saya da sa'o'in da ya yi yana aiki. Cikin shekara guda wannan littafi zai nuna wa mai injin shagon da ya cancanci a koma masa.

Na shida, a raba ladan bakanike da kuɗin kaya. Idan aka yi jinga a dunƙule aka kuma matse farashi, an tura bakanike ga neman mafi araha.

Akwai kuma rawar da ƙungiyoyi za su taka. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ƙungiyoyin masu sayar da kayan gyara a Ƙetaren Gwari sun fi kowace hukuma sanin inda kaya ke fitowa, kuma suna da ikon ladabtar da ɗan ƙungiyar da aka kama da algus. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da sassan injiniya da za a iya haɗa gwiwa da su wajen gwajin tiyo da mai da horar da matasan kanikawa. Masu taraktoci da tifofi kuma za su iya haɗa kuɗi su yi sari kai tsaye daga wakilan kamfanoni kafin faɗuwar damina, su sami rangwame da tabbacin inganci a lokaci guda. Jarin da gwamnati da 'yan kasuwa suka zuba a injuna a Jihar Neja mai yawa ne, kuma tsawon shekarun da waɗannan injuna za su yi suna aiki ya dogara ƙwarai ga irin tiyo da filta da man da za a riƙa saya musu.